Me ya sa sabobi suke riƙe da tsofaffin manhajoji alhali wayarka kullum tana neman afdet?

Duk mai riƙe da wayar Android ya san wannan ɗan saƙon da yake saukowa daga saman fuskar waya yana cewa akwai sabuwar sigar WhatsApp ko ta Facebook, ka sauke. Wasunmu har gasa suke yi, wanda ya riga sauke sabo shi ne ɗan gari. Mun taso da tunanin cewa a harkar fasaha sabo ya fi tsoho, kuma a waya sau da yawa hakan gaskiya ne.

To amma bayan wayar taka akwai wata kwamfuta da ba ka gani. Idan ka buɗe shafin makaranta don duba sakamakon jarrabawa, ko ka cike fom ɗin neman aiki, ko mai POS na bakin kasuwar Gusau ya zura katinka, wayar ko na'urar tana aika tambaya ne zuwa wata kwamfuta da take kunne dare da rana, ita kuma ta dawo da amsa. Wannan kwamfutar ita ake kira saba. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, masu kula da sabobi da gangan suke guje wa sabon yayi. Za ka tarar da saba tana aiki da manhajar da ta shekara uku ko huɗu da fitowa, mai ita yana sane, kuma hankalinsa kwance. A kan wannan nake son mu tattauna yau, musamman saboda ƙannenmu da suka fara koyon rubuta manhaja a waya, suna shirin kama hayar sabarsu ta farko.

Mene ne LTS?

Mafi yawan sabobin intanet suna tafiya ne a kan babbar manhajar Linux, wadda ita ce ma ginshiƙin Android ɗin da ke hannunka. Linux iri-iri ce: akwai Ubuntu, akwai Debian, akwai Red Hat da danginta. A nan wajenmu Ubuntu ta fi yawa a hannun masu koyo, don ita ce mafi yawan darussan YouTube suke amfani da ita.

Kamfanin Canonical yana fitar da sabuwar Ubuntu duk wata shida, a Afrilu da Oktoba. Lambar da ke jikinta kwanan wata ne: 22.04 na nufin Afrilun 2022, 24.04 kuma Afrilun 2024. Cikin waɗannan, wadda take fitowa a Afrilun shekara mai cikakkiyar lamba, wato duk bayan shekara biyu, ita ake yi wa laƙabi da LTS, ma'ana wadda aka yi alkawarin kula da ita na dogon zango. Ita ana toshe mata ɓaraka har shekara 5 kyauta, kuma da tsarin Ubuntu Pro ana iya kai wa shekara 10. Sauran na tsakani kuwa, irin su 23.10 ko 24.10, wata 9 kacal ake kula da su, daga nan a sallame su. Debian tana fitar da tata tsayayyiyar siga kusan duk shekara biyu. Ta 12 ta fito a Yunin 2023, ta 13 kuma a Agustan 2025. Red Hat, wadda manyan kamfanoni suke biya su yi amfani da ita, shekara 10 take ba kowace babbar siga.

Alkawarin LTS yana da fuska biyu, kuma mutane sun fi kallon ɗaya. Fuska ta farko ita ce za a ci gaba da gyara. Ta biyu ita ce ba za a canza maka komai ba. Ranar da aka fitar da Ubuntu 22.04 ta zo da PHP 8.1 da Python 3.10, kuma a haka za ta ƙare rayuwarta. Ko duniya ta kai PHP nawa, ita tana nan a 8.1.

Faci ba tare da canza taya ba

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Wani mai makaranta mai zaman kanta a Bungudu da nake kula masa da shafin sakamakon ɗalibai ya taɓa kira na da sassafe, ransa a ɓace. Wai wani ɗan'uwansa da ya karanta kwamfuta ya duba ya ce masa PHP ɗin da ke sabar tsoho ne, ko yaro zai iya yi mata kutse. Ɗan'uwan nan ya ga lamba ce kawai, 8.1.2, ya duba intanet ya ga an wuce nan da nisa, sai ya yanke hukunci.

Abin da bai duba ba shi ne wutsiyar lambar. Cikakken sunan abin da ke kan sabar yana farawa ne da 8.1.2-1ubuntu2, sannan ɗigo, sannan wata lamba da take ƙaruwa duk lokacin da aka yi gyara. Yadda abin yake shi ne: idan aka gano wata ɓaraka a PHP, masu PHP sukan toshe ta a sabuwar sigarsu. Sai ma'aikatan tsaro na Ubuntu su ɗauko wannan gyaran shi kaɗai, su bar duk sauran sababbin abubuwan da suka zo tare da shi, su liƙa shi a jikin tsohuwar sigar. Kamar mai faci ne a bakin titi. Ƙusa ta huda maka taya, ya toshe hujin, ka ci gaba da tafiya da tayarka wadda ka san halinta. Bai ce sai ka sayi sabon babur ba.

Don haka lambar siga ita kaɗai ba ta gaya maka ko saba tana da tsaro. Abin tambaya shi ne: shin har yanzu akwai masu yi mata faci, kuma shin ana saka facin? Tsohuwar siga da ake kula da ita ta fi sabuwa dal da aka girka aka manta da ita.

Inda takalmin yake matsewa

Kada in sa ku ɗauka cewa masu son sabo ba su da hujja. Suna da ita, kuma ni ma na sha jin zafin abin. Ga misali ɗaya da duk mai rubuta PHP zai gane. Laravel 11 ya fito a Maris 2024, kuma ba ya tashi sai da PHP 8.2 ko sama. Ubuntu 22.04, wadda ita ce LTS mafi sabunta a wannan watan, tana da 8.1. Ka kalli darasi, ka rubuta manhajarka a kwamfutarka komai lafiya, ka ɗora a saba ta ce ba ta san zance ba. Masu Python ma sun ga irin haka: Django 5.0 yana buƙatar Python 3.10, alhali Ubuntu 20.04 tana kan 3.8.

Na Node.js ya fi ban haushi. Ubuntu 22.04 ta fito ranar 21 ga Afrilun 2022 ɗauke da Node 12 a rumbunta, kuma masu Node sun daina kula da sigar 12 ranar 30 ga watan nan. Kwana tara ke nan.

Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa wa masu koyo ba. Rumbun manhajojin Ubuntu kashi-kashi ne. Akwai ɓangaren da suke kira main, wanda Canonical ta ɗauki nauyin yi masa faci a cikin shekara 5 ɗin nan. Akwai kuma universe, wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba, amma kulawarsa tana hannun 'yan sa-kai, sai dai in ka kunna Ubuntu Pro. Node.js yana cikin universe. Ke nan kalmar LTS ba ta rufe duk abin da ka girka ba. Ubuntu Pro kyauta ne ga mutum ɗaya har kwamfuta 5, kuma ban ga dalilin da zai hana mai ƙaramar saba ya kunna shi ba.

Rabin daƙiƙa da ya ceci duniya

Yanzu bari mu ga abin da jinkirin LTS yake saya maka. A ranar 29 ga Maris 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund, wanda yake aiki a Microsoft kuma yana cikin masu gina PostgreSQL, ya sanar da wani abu da ya girgiza masu Linux. Yana gwaji a kan Debian ta masu gwaji, sai ya lura shiga saba ta hanyar SSH yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da yawanmu za mu ce netwok ne mu wuce. Shi ya bi diddigi har ya gano cewa an dasa ƙofar sirri a cikin wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakawa a aikin kamar mutumin kirki har aka yarda da shi aka ba shi dama.

Su wa gubar ta kai wa? Masu bin sabon yayi: Debian ta gwaji, Fedora Rawhide, openSUSE Tumbleweed, Kali Linux. Su wa ta tsallake? Debian 12 tana kan xz 5.4.1, Ubuntu 22.04 tana kan 5.2.5, Red Hat ma ba ta kai ga sigar ba. Ba don masu waɗannan sabobin sun fi wayo ba ne. Kawai suna baya a layi, sai waɗanda ke gaba suka fara taka ƙayar. Ubuntu 24.04 da ake shirin fitarwa a lokacin sai da aka ɗage fitar da sigar gwajinta da mako guda don a sake gina manhajoji.

Bayan wata huɗu, ranar 19 ga Yulin 2024, wani afdet guda ɗaya daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft. Jirage sun kasa tashi, asibitoci da bankuna sun tsaya cik a ƙasashe da dama. Wannan ba Linux ba ne, amma darasin ɗaya ne da na xz: duk canjin da ya shigo saba, ko da sunan gyara ya shigo, yana iya zama shi ne matsalar.

Satumban 2021

A ƙasashen da aka rubuta yawancin darussan da muke kallo, idan afdet ya lalata saba mutum zai buɗe kwamfutarsa ya gyara cikin minti goma. Wannan yana nufin yana da wuta, yana da intanet, kuma in sabar tana wani ofis ne zai iya shiga mota ya je ko da tsakar dare. Mu a nan kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana iya ƙwace maka.

Duk ɗan Zamfara yana tuna farkon Satumban 2021, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, a zamanin Gwamna Bello Matawalle. An ce mako biyu ne da farko, amma abin ya zarce. Gusau ta yi kusan wata guda kafin a dawo mata da sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai da suka ƙara jira. Mutane sun riƙa fita daga jihar don kawai su kira 'yan'uwa ko su tura kuɗi.

Ka yi tunanin matashin da yake zaune a Tudun Wada a Gusau, yana da saba da ya kama haya a Turai ko Legas, akwai shafukan mutane a kanta, wasu ma abokan cinikin nasa suna Kano ko Abuja inda sabis yake lafiya lau. Makonni ba shi da hanyar leƙa ta. A irin wannan hali babu abin da sabon fasalin PHP zai amfana masa. Abin da yake buƙata shi ne saba mai iya kwana ita kaɗai: ta ɗauko facin tsaro da kanta kowane dare, ta saka, kuma facin kada ya canza halin komai. Ubuntu tana da wata 'yar manhaja mai suna unattended-upgrades da take yin wannan aikin. Kuma dalilin da ya sa za ka iya sakin jiki ka bar ta tana yi ba ka nan shi ne wancan alkawari na biyu, cewa ba za a canza maka siga ba. A kan Linux mai sabuntawa kullum, irin su Arch, barin afdet ya riƙa shiga da kansa alhali ba ka kusa ganganci ne.

Ko babu kashe sabis, akwai sabobin da ba a intanet suke zaune ba. Kwamfuta ce a ƙarƙashin tebur a kantin magani, ko a ofishin makaranta, ko a cibiyar gwajin jarrabawa, tana kan inbata da batir. Idan irin wannan ta ƙi tashi bayan afdet, dole a je da ƙafa. Daga Gusau zuwa Bungudu ta hanyar Sakkwato tafiyar ba ta da nisa. Zuwa Tsafe kuwa ta hanyar Funtuwa, kowa ya san ba hanya ce da mutum zai hau da yamma don kawai ya danna maɓalli ba. A ra'ayina duk wanda zai girka wa wani saba a Tsafe ya dawo Gusau ya kwana, ba shi da hurumin saka mata sigar wata 9.

Tsoho mai rai da tsoho matacce

Sai dai a cikin wannan Satumban ne wani abu ya faru da yake nuna ɗaya gefen. Ranar 30 ga Satumban 2021, wata tsohuwar takardar shaidar tsaro mai suna DST Root CA X3 ta ƙare wa'adinta. Ita ce Let's Encrypt, masu ba da ɗan kwaɗon nan da kake gani a gefen adireshin shafi kyauta, suka daɗe suna jingina da ita. Sabobin da har lokacin ake kula da su sun sami gyara ta hanyar afdet na yau da kullum. Waɗanda wa'adinsu ya riga ya wuce, irin su CentOS 6 da aka sallama a ƙarshen Nuwamban 2020, da yawansu sun wayi gari ba sa iya magana da shafukan da jiya suke magana da su, sai da aka bi su da hannu.

Wannan shi ne haɗarin da na fi gani a wajenmu, fiye da son sabon yayi. LTS tana aiki shiru har a manta tana nan. Wanda ya girka ta ya tafi bautar ƙasa, ko ya koma Abuja, ko sun saɓa da mai makarantar kan kuɗi. Shafi yana buɗewa, don haka babu mai tambaya. Ubuntu 20.04 ta gama shekara 5 ɗinta a ƙarshen Mayun 2025. CentOS 7 ta ƙare ranar 30 ga Yunin 2024. Saba ba ta yin ƙara ranar da wa'adinta ya cika, kuma a cikinta akwai sunayen yara, hotunansu, lambobin wayar iyayensu. A jihar da ake satar mutane don kuɗin fansa, jerin sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu ba abin wasa ba ne.

Masu tunanin cewa rashin afdet shi ne zaman lafiya su tuna WannaCry. A Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da na asibitocin gwamnatin Birtaniya, alhali Microsoft ta fitar da facin ɓarakar tun watan Maris.

Shi kansa alkawarin dogon zango yana iya karyewa. An fitar da CentOS 8 da cewa za a kula da ita har 2029. A Disamban 2020 sai aka sanar cewa ƙarshen 2021 za a rufe ta. Waɗanda suka gama ƙaura zuwa kanta suka shiga neman mafita, kuma daga wannan rikicin ne Rocky Linux da AlmaLinux suka fito. Shi ya sa kafin ka zaɓi babbar manhaja yana da kyau ka san wane ne a bayanta da kuma yadda yake samun kuɗinsa.

Yadda nake raba gardamar

Ni dai na daina kallon abin a matsayin zaɓi tsakanin biyu. Harsashin gida daban, kayan ɗaki daban. Babbar manhaja, SSH, sabar yanar gizo irin su Nginx, da ma'ajiyar bayanai, waɗannan nake bari yadda LTS ta kawo su. Yaren da na rubuta manhajar da shi kuwa, in yana buƙatar sabo, sai in kawo masa sabo shi kaɗai.

Hanya mafi tsafta ita ce Docker. Yana ba ka damar saka manhajarka da PHP ko Node ɗin da take so a cikin wani akwati nata, ba tare da ta taɓa na babbar manhaja ba. In sabon ya ba da matsala ka koma tsohon akwati cikin minti ɗaya. Amma a sani, abin da ke cikin akwatin Ubuntu ba ta yi masa faci. Kai ne za ka riƙa sake gina shi. Kuma yana cin data wajen saukewa, yana cin ƙwaƙwalwa a ƙaramar saba mai 1GB. Hanya ta biyu ga masu PHP ita ce rumbun Ondřej Surý, wanda shi ne mai kula da PHP a Debian, kuma kusan duk darasi shi yake nunawa. Yana aiki sosai. Sai dai ka sani daga ranar da ka ƙara shi, PHP ɗinka ya fita daga alkawarin Canonical, ya koma hannun wani rumbu na daban.

Akwai kuma tambayar da ba ma son yi wa kanmu: shin aikin yana buƙatar sabon da gaske? Shafin duba sakamako da ke lissafa jimilla da matsayi a aji ba ya buƙatar Laravel na wannan watan. Sau da yawa mu ne muke son gwada abin da muka gani a bidiyo, a kan sabar wani, da kuɗin wani. Wurin gwaji kwamfutarka ce, ko Termux a wayarka.

Idan sabuwar LTS ta fito ma ba na gaggawa. Ita kanta Ubuntu ba ta yi wa masu tsohuwar LTS tayin ƙaura sai gyararriyar siga ta farko ta fito, 24.04 ta zo a Afrilu, amma 24.04.1 sai ƙarshen Agustan 2024. Kuma maimakon in ɗaga sabar da take aiki a inda take, na fi son in kama wata sabuwa na 'yan kwanaki, in girka komai, in kwafe bayanai, in gwada, sannan in juya adireshi. Tsohuwar tana nan a kunne har mako guda ko da wani abu zai taso. Ba na yin wannan a makon da ake fitar da sakamako ko ake rajista, kuma ba na yi ranar Alhamis da yamma.

Ga mai saba a yanzu, rubuta lsb_release -a zai nuna maka wace siga kake kai. In ka ga 20.04 ko ƙasa da haka kuma ba ka kunna Ubuntu Pro ba, faci ya daina zuwa maka. In 22.04 ce, kana da lokaci har 2027, kuma ya kamata ranar ta kasance a rubuce a cikin takardar da ka ba mai aikin, tare da kuɗin ƙaura, don kada ranar ta zo ya ce ai shafi yana aiki me za a gyara.

Kai kuma da ba ka da saba sai waya, shiga saitin wayarka wajen bayanin waya, za ka ga lambobi biyu: sigar Android, da kuma kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. Mutane sun fi kallon ta farko suna alfahari. Ta biyun ce za ta gaya maka ko kamfanin da ya ƙera wayar yana tunawa da kai. Google ta yi wa Pixel 8 alkawarin shekara 7, Samsung ma ta yi wa Galaxy S24 haka, amma yawancin wayoyin da muke iya saya ba su kai ko kusa ba, don haka ka duba wannan kwanan watan kafin ka biya kuɗin waya ta hannu a kasuwa.